Rabin Inci

Ta shigo shagona da dusar ƙanƙara a kafaɗa,
Delphine Harju, matar marigayi Arvo,
rungume da wani abu cikin tsohon bargo
kamar mai kai jinjiri asibiti.
Ta ce, "Ta harbin agwagi ce. Jikana nake so ya gada."

Na san bindigar.
Shekarar da taɓo ya toshe mata hanci
ta tsage a gaɓar kogin Musselshell,
Arvo bai zo wurina ba, shi da kuɗi sai a hankali.
Ya sa zarto a gareji ya datse tsagin,
ya bi bakin da magagari, ya koma fadama.

Na rufe ta, na zura siririn tsinke
har ya ce ƙwas a jikin ƙarfe,
na ja zane da fensir, na ɗora a kan ma'auni.
Sha bakwai da rabi.
Na sake, ko hannuna ne ya yi rawa.
Sha bakwai da rabi.

Doka na son hanci inci sha takwas,
daga ƙota zuwa baki, ashirin da shida.
Abin da ya gaza haka, in ji masu alƙalami,
zai iya lafewa a ƙarƙashin kwat,
ya shiga banki, ya shiga mashaya,
ba wanda ya ga ko inuwarsa.
Doka ba ta da ma'aunin zuciya,
riga take tambaya: me za ki iya haɗiyewa?

Delphine ta ce, "Shekara talatin tana rataye bisa murhu.
Duk wanda ya yi sallama, ita yake fara gani.
Wa ta ɓuyar wa?"

Na yi shiru.
Na tuna wani gidan mai a hanyar Billings,
da yaron da ke bayan kanta
wanda bai ga komai ba sai buɗewar kwat.
Dole layi ya faɗi a wani wuri,
yau ya faɗi a faɗin farcena.

Na kwance hancin, na kira ofishin sherif,
na cika takardar odar sabo, inci ashirin da takwas.
Ita ko kallon takardar ba ta yi ba.
Tana shafa ƙotar da babban yatsa
daidai inda kuncin Arvo ya cinye fenti.
Ta naɗe itacen cikin bargon,
ta tambaye ni ko an share hanyar Roundup.