'Yar Cikin Asabar

Shekara goma sha tara ke nan ina zaune
gindin dogon yaro, bakin tashar Jega,
benci ɗaya, duwatsu huɗu na danne takarda.
Litinin zuwa Juma'a, abin da ya faru nake sayarwa.
Ran Asabar kuwa, abin da rai ke so ya faru.

Da hantsi motar Kwantagora kan jefo ƙunshi,
da ɗumin inji a jikinsa kamar burodi.
Jaridar yau ta yi ƙiba:
a waje babbar riga, kasafin kuɗi da taron manya,
a ciki wata 'yar shara mai sheƙi,
santsi gare ta kamar bayan tarwaɗa,
ƙamshin tawadarta har maƙogwaro.

Wanda ya ɗinka ta bai taɓa taka Jega ba.
Na rantse bai san kuɗin buhun albasa a Aliero ba,
amma ya san inda ke yi wa kowa ƙaiƙayi.
Masunci ne daga nesa,
kowane shafi da ƙugiyarsa,
kowace ƙugiya da irin tanarta.

Asabe tela ba ruwanta da rubutu.
Tsakiya take buɗewa, ta kanne ido ɗaya,
ta auna wuyan rigar wata 'yar birni da ɗan yatsa.
Kafin Laraba wuyan nan ya zaga gari.

Sahabi bakanike, hannu duk baƙin mai,
ni ke juya masa shafi.
Ya ƙura wa wata mota ido,
irin wadda ba za ta taɓa shaƙar iskar garejinsa ba,
ya ja tsaki: "Wagga in ta mace, wa ka tada ta?"
Ya laluba aljihu, ya biya.

Malam Modi, tun da ya ajiye alli,
wasan cike gurbi ne abokin hirarsa.
Harafi bakwai a tsaye sun hana shi ƙailula.
In ya ga ba mai kallo, sai ya leƙa shafin likita,
inda ake zancen fitsarin dare
kamar an san sunansa.

Ige ta asibiti girki take yankewa da reza.
An ce a sa wani ganye da kasuwarmu ba ta taɓa jin sunansa ba,
ta zuba zogale, ta ce ya ma fi.

Wata Asabar ƙunshi ya iso fayau,
an manto 'yar cikin a Kaduna.
Riguna talatin na shanya har la'asar,
ko tayi ban samu ba.
Mai tsire ne ya kwashe su a kan sikeli.
Ran nan na gane cinikina:
gyara ake saye, hatsin ne kyauta.

Sai ga wata Asabar, bayan girbin shinkafa,
shafi biyu cur, hoton tasharmu,
wai wuraren da ya kamata matafiyi ya gani.
A ƙasa sun rubuta muna jihar Sakkwato.
Gari ya yi ta faɗa, gari ya yi ta saye.
Can a kusurwa, wani ya sunkuya kan benci,
ya ba duniya baya, hularsa ta karkace.
Ni ne.
Kafin in farga in ɓoye guda, ta ƙare.

Bayan wata biyu Luba ta sayo mana ƙosai,
na warware ƙunshin, sai ga bayana.
Mai ya jiƙa takardar har ta zama tagar gilashi,
tallan da ke ɗaya gefen ya ɓullo ta jikina:
agogon zinariya, kuɗinsa ya fi gidanmu,
ya zauna daidai wuyan hannuna.

Na ɗaga shi saitin fitila na daɗe ina kallo.
Luba ta ce, "Baba, ƙosan na hucewa."
Na ce bari in ga ƙarfe nawa.