Mai Tsaron Baya

A hoton da aka manna a allon makaranta
ba a ganin fuskata.
Odalys ce a sama, hannu buɗe kamar shirwa,
ni kuwa ƙeyata kawai,
da hannaye biyu a miƙe suna jira.

Wata huɗu muna koyon jifa ɗaya
a zauren wasa na Houma.
Fanka tana kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan,
hayaƙin gonar rake yana leƙowa ta taga.
Koci Guidry ba ta ga-maciji da gaggawa:
sai an iya tsayuwa kan cinya
kafin a hau kafaɗa,
sai an hau kafaɗa sau ɗari ba tangarɗa
kafin a kawo zancen iska.
A cire 'yan kunne. A tofar da cingam.
Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana duba farce,
wadda nata ya yi tsawo ta miƙa mata reza.

Keoshia da Brynn su ne ginshiƙai.
Su sarƙe wuyan hannu su yi kwando,
Odalys ta taka, ta dafa kafaɗunsu,
ni na riƙe ƙugunta,
numfashina yana kaɗa gashin ƙeyarta.
Murya ɗaya ke ƙirga, kuma tawa ce.
Biyar, shida, bakwai, takwas.
Ɗaya, gwiwoyi su lanƙwashe.
Uku, ta bar mu.

Akwai wani shiru can sama
da 'yan kallo ba su taɓa ji ba.
Su suna kallon shuri ɗaya, juyi ɗaya,
da jan kintinkiri yana bin ta a baya.
Ni ina lissafin inda wuyanta zai sauka.
Ajiyar da aka ba ni ke nan:
kai, wuya, kafaɗa biyu.
Koci ta ce, in ƙasa tana son wani yau,
ke za ki fara isa.

Wata Talata cikin Oktoba ta dawo a karkace.
Ban yi tunani ba, ƙafa ce ta yi,
taku ɗaya hagu, ƙirji gaba,
gwiwar hannunta ta sami leɓena.
Gishiri da tsatsa suka cika mini baki.
Tana kwance a hannunmu, yi haƙuri, yi haƙuri,
ni ina dariya da jajayen haƙora
don kanta bai san katifa ba.

Daren Juma'a ruwa ya ɗauke gab da hutun rabin lokaci.
Fitilu, ganguna, sauro.
Kakar Odalys ta yi tuƙin awa guda,
ga ta a benci na uku, lema a hammata, waya a sama.
Na murza takalmina a ciyawa.
Ya zame. Kaɗan. Faɗin yatsa biyu.
Na dubi Koci, Koci ta dubi ƙafata,
ta rungume hannu, ta bar mini maganar.

Na ce yau ba kwando.

Mun yi ihu har murya ta dushe,
mun kaɗa tuntaye, ƙafarmu ba ta rabu da ƙasa ba,
aka ci mu da maki shida.
Tsohuwa ta mayar da waya cikin jaka.
A motar makaranta Odalys ta zauna can gaba,
goshinta a jikin gilashi,
ni a baya ina lasar leɓe,
ina tambayar kaina ko ciyawar ta jiƙe har haka.

Litinin, uku da rabi.
Ta shigo ba sallama,
ta cire 'yan kunne ta jefa cikin jakarta,
ta taka kwando.
Ba ta waiwayo ba.
Dama ba ta taɓa waiwayowa ba,
yau ne kawai na lura.

Ta ce, ƙirga mana.

Biyar, shida,