Ƙugiya Uku

Da aka rufe jami'a kowa ya kama gabansa,
Lauwali ya tafi Illela sarin kaya,
Isiya ya ari babur ya shiga kabu-kabu a Mabera.
Ni na koma Kwalkwalawa
da kwamfuta mai tsagaggen gilashi
da saƙon da na karanta sau tara kafin in yarda:
an ɗauke ni, mako goma sha biyu, da biya.

Baffa Sahabi yana gyaran rumbun albasa, bai ɗago ba.
Ya ce, "Wa ad da gonar da za ka noma?"
Na ce ba ta kowa ba ce, Baffa,
manhaja ce a buɗe, kowa ya ga cikinta,
kowa ya ɗiba, mai iyawa ya gyara.
Ya ce, "To wane mahaukaci ka biyan ɗan gayya?"

Ban sami amsa ba. Na tafi neman inuwa.

Sabis ba ya shiga ɗakinmu.
Sai a gindin dogon yaro, bayan masallaci,
inda akuyar Inno ta riga ni zama.
A nan na sami ƙwaron da aka ba ni:
manhajar rajistar asibiti ce,
in ka rubuta Ɗahiru, sai ta ce babu,
Ƙasimu ya zo awo, an ce bai taɓa zuwa ba,
Ɓaidu ya biya kuɗin kati sau biyu.
Haruffa uku masu ƙugiya
sun maƙale mata a wuya kamar ƙayar rajiya.

Gyarana na farko ya dawo da ja goma sha bakwai.
Mai duba min aiki wata mata ce
da ban san muryarta ba,
azahar ɗina asubarta ce.
Ta rubuta, wannan ya yi, amma me zai faru
in sunan ya zo da ƙaramin baƙi?
Na rufe kwamfutar. Na je kogi na zauna
ina kallon masunta suna ɗinke koma,
ido ɗaya, ido ɗaya,
babu wanda ya ce komar ta raina shi.

Ruwan farko ya faɗi daren da na gane kuskurena.
Batir saura kashi shida.
Na lulluɓe da buhun taki, ni da ita,
na tura gyaran, na ce Allah ya kiyaye hanya.

Rabin kuɗin ya shigo ran wata Laraba.
Wayata ta yi ƙara a aljihu muna cikin shuka,
na duba, na sake dubawa,
gero ya zube daga hannuna ba a rami ba.
Na sayi farantin sola, na biya bashin data,
na kai injin ban ruwan Baffa wurin Buhari makaniki,
wanda ya yi wata biyar yana tari a zaure.

Ran da aka haɗe aikina da na sauran,
babu guɗa, babu kiɗa.
Layi ɗaya ne kore, da sunana a gefe,
Nafi'u, tsakanin sunaye ɗari huɗu
da harshena ba ya iya juyawa.

Na nuna wa Baffa. Na ce rubuta sunan kakanka.
Ya danna da yatsa mai ƙasa, a hankali,
Ɗangaladima ya fito, da ƙugiyarsa a ka.

Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Rijiyar kan hanyar Dundaye,
an biya maginanta gero dami shida.
An cinye geron tun ban yi wayo ba."

Sai ya miƙo min fartanya,
ya ce tukuna, akwai sauran kunya biyu.