Noti Takwas

Batula ba ta ko hura gawayin shayinta ba
a bakin layin makanikai na Gadarif,
sai ga Babikir da tsohuwar lorinsa,
buhun riɗi sittin a bayanta.
Ƙasa ta riga shi kawo ƙara:
ɗigo, ɗigo, baƙin mai,
tun daga kwanar kasuwar hatsi har bakin rumfata,
kamar sawun dabbar da ta kuɓuce wa mahauci.

"Usta, galan guda na ba ta jiya."
Na ce ba ƙishirwa take ji ba,
ɗaga mu gani.

Ga shi kuwa. Gefen murfin bawul ya jiƙe sharkaf,
mai na gangarowa kan bututun hayaƙi yana toyuwa,
ƙauri irin na tuyar da aka manta a wuta.
Noti takwas.
Na tara su a gwangwanin tumatir,
don ƙasar rumfar nan ba ta mayar da abin da ta haɗiye.
Gaskit ya bushe ya zama ganda,
farce na sa masa, ya karye gida uku.

Mai gaggawa gani yake aikin ɗauri ne.
Wanki ne.
Reza a kwance, kada ta ci ƙarfe,
tsumma a ciki, kada ɓurɓushi ya faɗa wa inji,
ɗan fetur, a goge, a sake gogewa,
sai yatsa ya zaga bakin bai yi tuntuɓe ba.

Na kifa murfin a kan gilashin wata matacciyar mota,
na sunkuya na leƙa.
Haske na shigowa ta kusurwa biyu.
Wani ya taɓa matse shi da fushi,
ƙarfe kuwa ba ya mantuwa.
Katako a ƙasa, ƙaramar guduma a sama,
ina lallashi, ina leƙawa,
har hasken ya haƙura ya fita.

Gam ba man shafawa ba ne.
Ƙwayar dawa guda a kowace kwana, shi ke nan.
Wanda ya lafta, cikin inji zai tsinci rararsa,
ta toshe wa mai hanya,
a je neman kiɗa a rasa ganga.

Sabon gaskit ya kwanta a gurbinsa.
Yatsu tukuna, sifana daga baya.
Daga tsakiya ake farawa,
ɗaya nan, ɗaya can tsallake,
kowa ya samu daidai rabonsa.
Akwai inda noti yake cewa ya isa,
ba da murya ba, a wuyan hannu ake jinsa.
Ƙara rabin juyi, ka haifi yoyon gobe.

Haka na koya wa Siddiƙu,
yana ɗan shekara goma sha biyu,
a nan, kan wannan benci mai ƙafa uku da bulo.
Na san inda ake sakar wa noti,
ban san inda ake sakar wa yaro ba.
Yanzu yana Bur Sudan, yana duba injinan tashar jiragen ruwa.
Ran Juma'a yakan kira.
Lafiya, lafiya, a gaida Inna.
Minti biyu.

"Tayar!" na ce da Babikir.
Lori ta yi tari, ta kama.
Na shimfiɗa kwalin sabulu a ƙarƙashinta,
muka koma inuwa.
Batula ta kawo shayi, citta ta yi yawa yau.
Kofi ɗaya. Kofi biyu.
Babikir na lissafin kuɗin riɗi a tafin hannunsa.

Na jawo kwalin.
Fes.

Ya biya, ya rage ɗan abu, na yi kamar ban ƙirga ba.
Ya bi hanyar Madani,
bai bar wa ƙasa ko ɗigo ba.

Na goge hannu da tsumman ɗazu.
Yau Talata.
Wayar na aljihun gaba,
babban yatsana ya bar mata baƙin tambari
a kan sunansa.