Babban Yatsa

Na'urar ta ce ba ta san ni ba.
Sau uku na ɗora mata babban yatsana,
sau uku ta yi mini jan ido.
Yarinyar da ke bayan gilashi, Serwaa aka rubuta a ƙirjinta,
ta ce, "Baba, shafa shi a goshi, ko zai ɗan yi maiƙo."
Na shafa. Goshin ma ya bushe.

Shekara talatin da ɗaya ina yi wa Kumasi wankan asuba.
Kafin ladanin Aboabo ya gyara murya
na riga na isa Kejetiya,
ni da tsintsiya, da shebur,
da baro mai ƙafa ɗaya, mai kukan ɗan akuya.
Na san garin nan ta abin da yake zubarwa.
In an yi albashi, ƙashin kaza ne a kwata.
In wata ya yi nisa, ɓawon rogo.
Ba wanda ya taɓa tambaya ta, da na faɗa musu
lafiyar kasuwa tun kafin rediyo ya faɗa.

Kowane wata ana gutsurar wani abu a takardar biya.
Mista Boakye, akawun Kansul, ya ce ajiya ce:
"Ana riƙe maka, Gariba, ranar tsufa ka ci."
Na ce to, adashi ke nan,
irin wanda uwarsa ba ta mutuwa, ba ta gudu.
Ran da Lantana ta kife tukunya ta dube ni,
da wannan maganar na lallashe ta.
Ita dai ba ta jira kwasa ba. Allah ya ji ƙanta.

Yau ga kwasata ta zo,
sun ce sai na kawo shaidar ina da rai.
Ban ga laifinsu ba.
An ce akwai waɗanda ke kwance a maƙabartar Tafo
amma ba sa fashin karɓa.
Sai dai ni, ƙotar tsintsiya ta cinye zanen yatsana
a hankali, yadda ruwa ke cin sabulu,
maganin kwata ya ƙarasa sauran.
Aikin da ya tara mini kuɗin
shi ya goge hannun da zan sa in karɓa.

Ni ma da sauƙi.
Tahiru, wanda ya faɗo daga motar shara a hanyar Oti,
yana da inshora, har da hatimi biyu.
Amma wata takarda ta ce Tahiru, wata ta ce Tairu.
Shekara biyar Adiza na yawo da fayil a cikin leda
saboda harafi ɗaya,
harafin da ba a ma jin sa sai kamar numfashi.
Yaran da ya bari a goye yanzu su ke karanta mata wasiƙun.

Serwaa ta leƙa hagu, ta leƙa dama, ta rage murya.
Akwai wani oga, in ji ta, mai duba marasa yatsa,
da ido yake shaida mutum.
Ya tafi jana'iza Mampong. Sai Alhamis.
Ta rubuta mini Alhamis ɗin a bayan katin asibitina,
katin da ke ba ni farasitamol kyauta
ya tura ni kemis in sayi na hawan jini.

Na gode mata. Ba ita ta ƙera na'urar ba.

A bakin ƙofa na ƙirga abin da ya rage:
sidi shida. In na hau tirotiro, babu koko gobe.
Adum zuwa Aboabo ba baƙuwar tafiya ba ce,
ƙafa ta san ta da duhu ma.

A matakala ta uku, ga ledar ruwa wani ya sha ya yar.
Kafin in yi tunani na duƙa na ɗauke,
ina waige-waigen kwandon shara.
Hannun nan, har yau
ba wanda ya kai masa takardar ritaya.