Rai Arba'in da Uku

Ni ne mai ɗaga murfin ƙarfe,
in hure ƙasa, in kori kunama,
in kwafi lambar mita in wuce.
Shekara goma sha bakwai
ina auna ƙishin Marwa da biro.

Can Yawunde, inda ruwan sama
ke sauka ko ba a roƙa ba,
aka zauna aka yanka farashi.
Ba mugunta a ciki, na karanta takardar:
awo goman farko da rangwame,
saboda talaka;
abin da ya haura a biya da tsada,
don mai wankin mota da ban-ruwan fure
ya ji a aljihunsa.
Magana mai kan gado. Na yarda da ita
har ranar da na yi sallama gidan Inna Dudu.

Gidan haya ne a Domayo.
Ɗaki goma sha ɗaya, zaure ɗaya,
famfo ɗaya, mita ɗaya,
rai arba'in da uku
in ka lissafa da jaririn tela.
Awo goman nan, kafin Juma'a ta zagayo
sun sha, sun yi alwala, sun ɗauraye tukunya.
Sauran watan duka
a farashin masu fure suke sha.

Tsallaken titi gidan Alhaji Bawuro ne,
daga shi sai mai gadi sai aku,
iyali na Duwala.
Bai taɓa ƙetare goma ba.
Rangwamen talaka na iske shi duk wata,
ko latti ba ya yi.

Sannan ga iska.
In an ɗauke ruwa kwana huɗu,
ran da zai dawo ita ke yin gaba.
Famfo ya yi tari, ya yi gyatsa,
allura na gudu, bokiti a bushe.
Inna Dudu ta tsaya a kaina ta ce,
"Kai da ka yi boko, ɗan nan,
nawa gwamnati ke sayar da tulun iska?"
Na yi kamar lambar ta shige mini duhu.

Ba na ce ruwa kyauta ba ne.
Inji na cin wuta, magani na cin kuɗi,
bututun unguwar ya girme ni.
Shugabanmu yakan ce,
Allah ya ba da ruwa, bai ba da bututu ba.
Haka ne.
Amma a kwana huɗun nan
mai kura ne gwamnati:
jarka dala goma da safe,
sha biyar in rana ta take,
ba hatimi, ba takarda, ba wurin kai ƙara.
Wanda bai da su ya ɗauki ƙwarya
ya je ya toni yashin Mayo Kaliyaw,
ya jira ramin ya yi gumi.

Watan jiya na kasa haƙuri.
A gefen lambar gidan na rubuta:
rai arba'in da uku.
Madam Hawwa'u ta ofis ta gyara tabarau,
ta duba gaba, ta duba baya,
ta ce, "Tanimu, na'ura ba ta da gurbin wannan."
Ba da faɗa ta faɗa ba.
Ita ma gidan haya take.

Wannan watan na sake rubutawa.
Arba'in da huɗu, matar makaniki ta sauka.

Da zan fita Inna Dudu ta tare ni a zaure
da moɗa cike daga randa,
mai sanyi, har da ƙamshin ƙasa.
Baƙo ba ya fita da ƙishi, in ji ta,
ko da shi ne mai kawo takardar.
Na karɓa da hannu biyu.
Duk garin nan ba wanda ya fi ni sanin
nawa moɗar nan ta tsaya mata.
Na shanye.