Wat Biyar

Na saye shi a Sheffield, wata Asabar mai yayyafi,
a shagon gwanjo da ke gangaren London Road.
Girmansa bai wuce akwatin zaren uwata ba.
Fam ɗari da tamanin, in ji Clive.
Na taya ɗari da hamsin. Ya dube ni ta saman tabarau,
ya ce nan ba a tayi. Na ce ko'ina ana tayi.
Muka rabu a ɗari da saba'in,
ya ba ni wayar jita gyara.

Ba ya magana da zarar an kunna shi.
Sai ka jira.
Kwalabe biyu a bayansa su yi ja a hankali
kamar garwashin da ya kwana a toka,
ɗan ƙauri ya tashi,
sannan ya yi gyaran murya.
Dattijo ne. Ba a tarar sa da zance kafin gaisuwa.

Mamurɗa uku ne kacal a goshinsa.
Na farko, in na bar shi ƙasa-ƙasa,
sauti garau, ruwan randa da hantsi,
har kana jin fatar yatsa tana goga tsirkiya.
In na kai tsakiya sai muryar ta dishe,
irin ta kawuna Ɓarau in ya yini cinikin shanu a kara,
ga kaushi ga daɗi, ƙanzon tukunya.
Gaba da nan kuwa, Allah ya kiyaye.
Gurnani. Taga na rawa, cokula na amsawa a kicin.
Sau ɗaya na ƙure shi,
sau ɗayan nan Misis Ollerenshaw ta ƙasa
ta daki silinta da sandar share-share.

Na biyu, hagu ya lulluɓe sauti da bargo,
dama ya fito masa da haƙora.
Na uku 'yata Rumasa'u ta raɗa masa suna rijiya,
don in an buɗe shi
kowace tsirkiya sai ta faɗa can ƙasa
ta dawo a jiƙe.

Akwai wani ɗan makunni a baya,
Clive ma bai san da zamansa ba.
Ka danna, wat biyar ya koma ɗaya.
Zakin na nan, an dai kife masa tulu.
Da shi nake hira in na ajiye bas a gareji,
ƙarfe ɗayan dare, kafaɗa ta yi tsami,
ina lalubo wani kiɗan gurmi
da ban tsaya na koya ba lokacin da mai shi ke raye.
Tsirkiya shida gare ni, shi biyu.
Har yau ban kamo shi ba.

A Janairu kwalba ɗaya ta mutu.
Ba ƙara, ba hayaƙi, ta dai ƙi ja.
Mako biyu gidan shiru.

Sai ga ƙwanƙwasa ƙofa.
Misis Ollerenshaw ce, da silifa,
rungume da gwangwanin biskit.
Ta ce, lafiya kuwa? Ban ji ka ba.
Na fara ba da haƙurin bara. Ta ɗaga hannu.
Mijinta Len, ta ce, gyaran rediyo ya yi shekara talatin,
ga abin da ya bari, ta rasa wa za ta ba.
Kwalabe ne, kowace a naɗe da tsohuwar jarida.

Muka durƙusa kan kafet, ni da ita da tocila.
Ta farko ba ta shiga ba. Ta huɗu ta shiga, ba ta kama ba.
Ta tara ta shiga.
Muka jira.

Da ta yi ja, matar nan ba ta ce komai ba,
ta dai kai tafin hannu kusa, kamar mai jin ɗumi.

A bakin ƙofa ta juyo.
Lahadi, ta ce, bayan ƙarfe huɗu,
ka bar shi a biyar ɗin.
Amma ban da ƙurewa.